Ba A Shiga Filin Gwaggo

Ranar da Allah ya karɓi ran Gwaggo, ƙanwar mahaifina, na ji ana yabon wata mata da ban taɓa sani ba. Ina zaune a tsakar gidanta da ke Tudun Wada, carbi a hannu, mata suna ta shigowa daga Gyallesu da Hanwa da Tudun Jukun. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Sai ta gyara zama ta soma: ai Hajiya mace ce mai sanyi, ba a jin muryarta, ba ta ɗaga ido ta kalli mutum. Wata har cewa ta yi ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba. Na dubi Inna, mahaifiyata, na ga ta sunkuyar da kai tana toshe baki da gefen mayafi. Matar da fasfonta ya cika da hatimi har aka sake mata wani, ita ce yau ba ta leƙa ƙofar gida.

Na san ba mugunta ba ce. Haka muka saba, in mutum ya kwanta dama sai mu ɗinka masa rigar da muka ga dama mu zura masa, tun da ba shi da bakin cewa ta matse shi. Amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama hucewa ba. Gwaggo ba ta da sanyi ko kaɗan. In ta yi magana a tsakar gida, mai shayin bakin titi yana iya amsa mata. Ta yi shekaru tana buga wa ƙasar nan wasan badmintin, wanda a unguwarmu ake ce wa ƙwallon gashi, ta tsallaka teku ta ciwo lambobin yabo. A zaman makokin nan kaf babu wanda ya ambaci wannan, sai ka ce wani abin kunya ne da ake rufa wa mamaciya asiri a kansa.

Tun kafin a gama yi mata wanka Baba, yayanta, ya sa aka cire hotonta daga bangon falo, wanda take riƙe da kofi tana dariya. Ya sa aka kwance ragar da ke tsakiyar filin wasanta, aka shimfiɗa tabarmi a kan layukan, aka ɗaure igiyar rumfa a jikin turakun ragar. A kan filin muka zauna muna karɓar gaisuwa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi bin layi. Washegari da hantsi sai ga wata tsohuwa tana dogara sanda, 'yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, muna ce mata Maman Sabon Gari. Ita ce abokiyar wasan Gwaggo a duk gasar da ake buga mutum biyu-biyu. Ba ta ce ya haƙuri ba. Ta tsaya tsakiyar mata ta dubi turakun, ta dubi bango, ta ce da Hausarta tsaf, "Ina ragar? Ina hoton? Ku dai kun san wa kuka binne kuwa?"

Ta ce, "Matar nan a gabana ta buga wasan ƙarshe na ƙasashen Afirka da targaɗe a ƙafa. Likita ya ce ta haƙura, ta ce masa ya je ya duba marasa lafiya. Ta ci, aka ɗaga tutar ƙasar nan saboda ita!" Sai ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda mu ba ma yi. Mata suka yi ta haɗa baki, "Allah ya jiƙanta, Allah ya gafarta mata," da sauri-sauri, kamar masu yayyafa wa wuta ruwa. Ni kam na tashi na rungume ta, kuma a ranar ne na fara yin kukan gaske.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. In kowa zai yi shiru, ni ba zan yi ba.

A makarantar kwana ta 'yan mata Gwaggo ta fara riƙe raket, abin nan mai kama da matankaɗi da ake bugun ƙwallon da shi. Ta ce ranar farko malamarsu ta miƙa mata ne don ta riƙe mata kawai, amma ba ta mayar ba sai da aka kaɗa ƙararrawar abinci. Daga makaranta aka ɗauke ta ta buga wa jiha, daga jiha ta buga wa ƙasa. Ta je Gana da Kenya, ta je Ingila, ta je Indiya da Malesiya inda ta ce yara ma wasan suke yi a lungu kamar yadda namu suke langa. Ba ko'ina ta ci ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Takan ce, "A Malesiya wata 'yar ficiciyar yarinya ta yi min dukan da ko Kaka da ta haife ni ba ta taɓa yi min ba. Na bi ta har masauki na ce sai ta nuna min yadda take murza wuyan hannu." Lambobinta na zinare da azurfa da tagulla a cikin wata tsohuwar kwalla take ajiye su, tare da daddawa da kanwa. Wai kwallar ce ɓera ba ya iya buɗewa.

Rigimarta da Baba ta samo asali ne daga jarida. Lokacin yana saurayi, yana sayar da yadi a kasuwa, wani ya kawo wata jarida majalisarsu bayan la'asar, ga ƙanwarsa a shafin baya da ɗan siket iya gwiwa, ta ɗaga kofi sama. Inna ta ce an ba ta labari, ya shigo gida ko sallama babu, ya jefa wa Kaka jaridar, ya ce an gama da shi a garin Zazzau. Gwaggo tana bakin murhu. Ta ɗauki jaridar ta karkaɗe ta, ta miƙa masa ta ce, "Yaya, duk gari ƙafata suka kalla. Kai da muka sha nono ɗaya, kalli hannuna mana ka ga abin da na riƙo."

Bai kalla ba. Ya fice, ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarta.

Bayan nan ta ɗinka wa kanta dogon wando da ɗankwali mai kama kai, ta ce don Kaka ta yi, ba don Baba ba, kada ma ya ɗauka ya yi nasara. Sai kuma rigima ta koma ɗaya gefen. A wata gasa a Turai alƙalan wasa suka ce ba a shiga fili da irin wannan shiga. Maman Sabon Gari ta ce Gwaggo ta ja kujera ta zauna a bakin fili, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta ce to su kawo wadda za ta buga musu da ɗankwalinta a cire, ita tana nan tana jira. Sai da suka gaji suka ƙyale ta. Ita dai haka take, na gida bai lanƙwasa ta ba, na waje ma bai lanƙwasa ta ba.

Daga baya sun shirya da Baba, don tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Shi ya aurar da ita, shi ya tsaya a kan jinyar mijinta, ba sallar da za ta wuce bai aika mata da turmin atamfa ba. Amma akwai abu ɗaya da bai taɓa yi ba. Duk dawowar da za ta yi daga ƙasar waje, zai zo ya ce, "Kin dawo lafiya? Ya hanya? Kin samu kina salla a kan lokaci?" Shi ke nan, sai ya shiga zancen damina. Wata rana muna tsince shinkafa ni da ita, tana cikin ba ni dariya, sai ta tsaya ta ce, "Kin san duk duniya an tambaye ni, har direban tasi a Legas. Ubanki ne kaɗai bai taɓa ce min, kin ci ko an cinye ki ba." Ta ci gaba da tsintarta. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba, kuma abin ya tsaya min a rai.

Mijinta, wanda ya riga ta rasuwa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai haƙuri da ke ɗaukar mata jaka har tasha ba ya jin kunyar kowa. Allah bai ba su haihuwa ba. Da wata ta yi mata habaici a gidan suna, wai tsalle-tsalle ne ya zubar mata da mahaifa, Gwaggo ba ta ko ajiye cokali ba ta ce, "Ki zo gidana da la'asar ki ƙirga 'ya'yana, in kin iya lissafi."

Gaskiya ta faɗa. Da gwiwa ta hana ta gasa, sai ta share rabin tsakar gidanta ta daɓe, ta ja layuka da farar ƙasa, ta kafa turaku, sannan ta sa aka ƙara wa katanga tsawo har ta fi ta kowa a layin. Ta bi gida-gida tana sallama da iyaye maza. Takan ce musu, "Malam, cikin gida ne, ba namijin da ke shiga, dubi katangar da idonka." In sun yarda yaran sun zo, sai ta ce musu, "Katangar nan don iska na yi ta, ƙwallon gashi ba ya shiri da iska." Na taɓa tambayarta wanne ne gaskiya a ciki. Ta harare ni ta ce, "Katanga ɗaya ba ta iya aiki biyu? Ke da ba ki iya ko ɗaya ba."

Ni kam ban iya ba. Ta ce ina riƙe raket kamar mai tuƙa tuwo, ta sallame ni tun da wuri, ta ba ni aikin turara ƙwallaye. Wannan ma wata ɗabi'arta ce. Iskar Zariya bushewa gare ta, gashin ƙwallon yakan yi ƙaras ya karye, don haka kafin wasa sai ta jera su a rariya ta ɗora a kan tukunyar ruwan zafi, kamar mai dambu, tururi ya ratsa su su yi laushi. Baƙuwa ta taɓa buɗe murfin tana murna za ta ci dambu, ta yi salati ta ja da baya. Agwagi kuma take kiwo, ba don nama ba, don ta riƙa cire gashin fiffike tana gyara waɗanda suka lalace. Tana gyara tana faɗa. "Ƙafa ce ke wasa, hannu ɗan aike ne." "Wadda ta tsaya jiran ƙwallo ya same ta, a ƙasa za ta tsince shi." In yarinya ta sha kaye ta soma hawaye, sai ta ce, "Yi kukanki a tsaye, ba a kuka a zaune a filina."

Akwai maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda mijinta ya rasu a haɗarin mota. Ta fita takaba amma ta kasa fita daga ɗaki, ta rame ta lalace, an yi rubutu an yi nasiha duk a banza. Gwaggo ta shiga ba ta ce mata ki yi haƙuri ba. Ta kamo hannunta ta jawo ta har fili, ta danƙa mata raket ta ce, "Duk abin da ke cin ranki, ga shi nan zan jefo miki. Ki doke shi." Matar nan ta yi ta duka tana kuka har la'asar ta yi sanyi. Washegari da ƙafarta ta dawo. A wajen makoki ita ce ta zauna a lungu ba ta ce uffan ba, har na ɗan ji haushinta.

Da ciwo ya ci ƙarfin Gwaggo, sai a fito da ita a kan kujera ta zauna gindin turke, tana ƙirga maki tana zagin masu kasala. Maganar ƙarshe da ta yi min mai tsawo ita ce, "Kada ku sauke min raga." Ga shi tun ba a ɗauke ta daga gidan ba aka sauke.

Bayan sadakar arba'in Baba ya kira ni. Gidan nasa ne, shi kaɗai ya gaje ta, ban da ta cewa a nan. Ya ce zai fasa katangar gaba ya yi shaguna a kan filin, abin da ɗaya daga ciki ya kawo a riƙa yi mata sadaka da shi.

Na ce, "Baba, yaran fa?"

Ya ce, "Kowacce ta koma gaban uwarta. An yi na duniya ya wuce, yanzu na lahira za a yi mata."

Na ce, "Baba, ai ita ta riga ta zaɓi sadakarta. Filin ne."

Ya yi kicin-kicin da fuska ya ce, "Bakinta kika gado, na sani. Asabar magini zai zo ya auna."

Na san da zuciya ɗaya yake nufin alheri, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Yana son ƙanwarsa, amma so yake ya goge abin da ta fi so don ya cece ta daga gare shi. In filin nan ya tafi, babu wani uba a Tudun Wada da zai bar 'yarsa ta je filin wasa na gari inda maza ke kallo. Wasan ya mutu ke nan a unguwarmu, ranar da aka fasa katangar.

Na shiga wurin maƙwabciya na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Asabar ko? To, ki dai ɗora ruwan zafi da wuri."

Asabar da hantsi ina turara ƙwallaye sai mata suka fara shigowa. Ba yara kaɗai ba, har iyayensu. Na ga fuskokin da suka zauna a makoki suna cewa Hajiya mai sanyi ce, ashe da yawansu a filin nan suka girma, aure da nauyin baki ne suka rufe su. Wata malamar asibiti ce, wata mai sayar da awara, wata har da jika a goye. Maƙwabciya da kanta ta ɗaure ragar. Suka tuɓe hijabai da mayafai suka jera a igiyar shanya, suka ci ɗamara da zannuwa. Maman Sabon Gari ta zo a keken haya, ta zauna a kujerar Gwaggo ta ce ita ce alƙaliya. Aka soma wasa.

Can sai ga muryar Baba daga zaure: "Salamu alaikum, za a shigo."

Maƙwabciya ta ɗaga murya ta ce, "Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a shigo! Matan aure ne cike da gida, ba mai lulluɓi."

"To a rufa mana, da baƙo nake."

"Sai mun gama wasa, Alhaji."

"Yaushe za ku gama?"

"Wallahi layin da tsawo. Waɗansu ma suna hanya daga Hanwa."

Aka kwashe da dariya. Baba ya aika a kira ni. Na zura hijabi na fita, na durƙusa a zaure. Yana tsaye yana huci, magini a gefensa da igiyar awo a hannu.

Ya ce, "Ke kika haɗa wannan?"

Na ce, "Baba, ni ruwa kawai na ɗora. Ƙa'ida kuwa taka ce. Kai ka rubuta ba a shiga a ƙofar gidanmu tun kafin a haife ni."

Ya ɗaga ƙafa kamar zai ratsa labulen, ya fasa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana faɗa a kan suturar mata, ba zai faɗa kan matan mutane ba mayafi ba, ko da gidan na wa ne. Magini ya kasa kunne, ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, ka yi min aikin gafara. Waccan mai ihun, muryar mai ɗakina ce. In na auna filin nan, ban san inda zan ci tuwo yau ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya nemi dakalin zaure ya zauna, ya dafa gwiwa. Ni ma ban tashi ba. Ta bayan labule ana jin ƙarar bugu, tas, tas, da gurzar ƙafafu a daɓe, da muryar Maman Sabon Gari tana cewa, "Ƙafa, ƙafa! Hannu ɗan aike ne!" Na ga ya ɗago kai da ya ji wannan. A iya sanina bai taɓa zama kusa da filin nan ana wasa ba, in ya zo ya ji ƙarar, juyawa yake yi sai an tashi. Yau babu inda zai je. Musaya ɗaya ta yi tsawo, bugu ya ƙi ƙarewa, har na ga yatsunsa sun damƙe rigarsa a kan gwiwa. Sai gidan ya ɗauka da guɗa gaba ɗaya.

Ba tare da ya dube ni ba, a hankali, ya ce, "Wa ke ci?"

Da ƙyar na ce, "Ƙanwarka ce, Baba."

Ya ja hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Tun rasuwar ban ga hawayensa ba sai a nan. Da ya sauke hannun, ya ce wa magini ya naɗe igiyarsa ya tafi, in da aiki zai neme shi. Har yau bai neme shi ba, ragar kuma ba ta sake sauka ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya sa kabarinta ya fi filinta yalwa. Wanda duk zai sa ta a addu'a, ina roƙonsa kada ya roƙa wa waccan mai sanyin da ba ta leƙa ƙofar gida, don ba mu san ta ba. Ya roƙa wa mai ƙarar murya, mai kiwon agwagi, wadda ta ci da targaɗe a ƙafa. Ita muka binne.